Nazarin Lamari: Bugun Zuciyar da Aka Ɗauka Gyambon Ciki Ne a Nima

Wannan nazari ya shafi wata mata mai shekara 56, mazauniyar unguwar Nima a birnin Akra, wadda ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke shayar da zuciyarta jini ta toshe da misalin ƙarfe huɗu na asubahin wata Alhamis, amma ba a gano abin da ke damunta ba sai bayan sallar isha'i, wato bayan kusan awa 16. An sakaya sunanta da na iyalinta, kuma ba za a ambaci shagon magani da ƙaramin asibitin da ta bi ta cikinsu ba. Za a riƙa kiranta Hajiya, kamar yadda masu sayen abincinta suke kiranta. Abin da ya sa lamarin ya cancanci a rubuta shi dalla-dalla shi ne, nisan asibiti bai taka wata rawa a cikinsa ba, domin Asibitin Sojoji na 37 da Asibitin Ridge duk 'yan kilomita kaɗan ne daga Nima. Haka kuma ba a yi sakaci da ita a gida ba, tun da mutum huɗu ne suka yi ɗawainiya da ita a wannan yini, kowa da kyakkyawar niyya. Lokacin ya salwanta ne saboda duk wanda ya dube ta ya ga ciwon ciki da gajiya, babu wanda tunaninsa ya kai ga zuciya.

Tarihin lafiyarta

Hajiya ta shafe fiye da shekara 25 tana sayar da waakye, wato shinkafa da wake irin na Gana, a bakin titi. Takan tashi ƙarfe uku na dare ta hura wuta, ta ɗora manyan tukwane, ta haɗa miya da yaji, kafin hantsi kuma ta sayar da rabin abin da ta dafa. Ta haifi 'ya'ya bakwai. A cikinta na ƙarshe, tana da shekara 36, jininta ya hau sosai, ƙafafunta da fuskarta suka kumbura, har aka kwantar da ita na wasu makonni kafin haihuwa. Da ta sauka lafiya jinin ya daidaita, sai ita da iyalinta suka ɗauka magana ta wuce. Alhali kuwa hawan jinin masu ciki irin wannan yana ninka haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya kusan sau biyu a tsawon rayuwar mace, kuma ya kamata a ce tun daga lokacin ana auna jininta a kai a kai.

Al'adarta ta tsaya tana gab da shekara 50. A gwajin lafiyar maniyyata da aka yi mata kafin ta tafi aikin Hajji ne aka gano tana da ciwon suga, aka kuma tabbatar da cewa hawan jinin ya dawo. An rubuta mata magunguna, ta sha da ƙwazo na wasu watanni, daga baya ta koma shan su a duk lokacin da ta ji kanta yana sarawa kawai, na sugan kuwa ta ajiye shi gaba ɗaya saboda yana ɓata mata ciki. Mahaifinta ya yanke jiki ya faɗi a hanyar dawowa daga masallaci yana da kimanin shekara 50, kuma ba a taɓa sanin dalili ba. Ba ta shan taba, ba ta taɓa kusantar giya ba, kuma kullum tana cikin aiki, shi ya sa ba wanda ya taɓa sanya ta a sahun masu ciwon zuciya, wanda a tunanin unguwa cuta ce ta manyan alhazai masu teɓa ko ta wanda baƙin ciki ya yi wa yawa.

Binciken INTERHEART da aka wallafa a 2004, wanda ya haɗa ƙasashe 52 har da wasu na Afirka, ya nuna cewa abubuwa tara ne suke ɗauke da kashi 90 cikin 100 na haɗarin bugun zuciya a maza da kashi 94 a mata, kuma hawan jini da ciwon suga sun fi yi wa mata illa idan aka kwatanta da maza. Ya kuma nuna cewa mata sukan gamu da bugun zuciya na farko a makare da kimanin shekara tara fiye da maza, sai dai ciwon suga yakan cinye yawancin wannan rata. Idan aka jera abin da ke jikin Hajiya, wato hawan jini da ba a riƙe shi da magani ba, suga da aka yi watsi da shi, tsayawar al'ada, tarihin hawan jini a lokacin ciki, da mutuwar fuju'a ta mahaifi, za a ga cewa tana cikin matan da haɗarin ya fi kusa da su. A Gana kuwa fiye da ɗaya cikin kowane manya huɗu yana da hawan jini, da yawansu ba su ma sani ba.

Makonni ukun da suka gabata

Kimanin mako uku kafin ranar, Hajiya ta fara jin wata irin gajiya da ba ta saba da ita ba. Tukunyar da take saukewa ita kaɗai sai da aka riƙa kama mata, 'yar gangarar da ke tsakanin gidansu da bakin titi kuma sai ta tsaya sau biyu tana haki kafin ta hau ta. Barci ya ƙaurace mata, tana farkawa cikin dare tana jin kamar iskar ɗakin ba ta isar ta. Ƙaramar 'yarta da ke zaune tare da ita ta sayo mata maganin zazzaɓin cizon sauro ba tare da an yi gwaji ba, da aka ga bai yi ba kuma aka koma maganin ƙarin jini.

Irin waɗannan alamu na share fage an rubuta su a bincike. A 2003 Jean McSweeney da abokan aikinta a Amurka suka wallafa sakamakon tambayoyin da suka yi wa mata 515 da suka tsira daga bugun zuciya. Kashi 95 cikin 100 sun ce sun ji wasu sababbin alamu fiye da wata guda kafin abin ya faru: kimanin kashi 71 sun ambaci gajiya ta daban, kashi 48 rashin barci, kashi 42 kuma sarƙewar numfashi. Gaskiya ne cewa gajiya aba ce da ke da dalilai barkatai, kuma mace mai tashi ƙarfe uku na dare ba za a yi mamakin gajiyarta ba. Abin lura a nan shi ne sabuntar abin, wato aikin da jiki ya saba yi shekara da shekaru ya gagare shi cikin 'yan kwanaki, ga mace mai hawan jini da suga. A ganina wannan mako uku shi ne dama mafi araha da aka rasa, domin awon jini da suga da gwajin ECG, wato na'urar da ke zana bugawar zuciya a takarda, a lokacin ba za su ci ko kusa da abin da aka kashe daga baya ba.

Ranar Alhamis

Tana cikin sauke tukunya, kafin a kira sallar asuba, sai ta ji wani nauyi ya tokare mata ƙahon zuciya, kamar abinci ya tsaya bai wuce ba. Zuciyarta ta tashi, ta yi amai sau ɗaya, zufa mai sanyi ta jiƙe mata riga duk da sanyin asuba, sannan wani tsami ya kama mata muƙamuƙi da tsakanin allunan kafaɗunta. 'Yarta ta ce, "Mma, ki bar abincin nan mu tafi asibiti." Ita kuwa ta amsa da cewa, "Olsa ce ta tashi, jiya ban ci da wuri ba. Jiƙo mini kanwa. In na tafi wa zai sallami mutane?" Ta sha jiƙon kanwa, ta yi gyatsa, ta ji kamar ya ɗan lafa, ta yi sallarta a zaune, aka ɗauki kaya zuwa bakin titi. Har ƙarfe tara tana zaune a kan kujera tana nuna wa 'yar abin da za ta zuba wa kowa.

Abin da ke faruwa a jikinta a wannan lokaci shi ne, kitsen da ya daɗe yana taruwa a bangon jijiyar dama ta zuciya ya tsage, jini ya daskare a kansa, gudan jinin ya rufe hanya ruf. Tsokar zuciya ba ta jure rashin jini: takan fara mutuwa cikin minti 20 zuwa 30, ɓarnar tana faɗaɗa kamar lambun da aka datse wa ruwa, inda kwamin da ya fi nisa da bakin rafi yake fara bushewa, sauran su bi baya. Mafi yawan asarar tana aukuwa ne cikin awa shida na farko, kuma tsokar da ta mutu ba ta sake tsirowa, tabo ne yake maye gurbinta. Jijiyar dama ita ce a yawancin mutane take shayar da ƙasan zuciya, sashen da ke kwance a kan tantanin da ya raba ƙirji da ciki, shi ya sa toshewarta ta fi zuwa da ciwon saman ciki, tashin zuciya, amai da raguwar saurin bugawar zuciya. Ga kuma ciwon suga na shekaru, wanda yakan dakushe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, har mutum ya ji nauyi kawai a inda wani zai yi ihu.

Da ƙarfe tara 'yar ta je shagon magani ta ce mahaifiyarta tana fama da olsa da ciwon baya. Mai shagon bai ga marar lafiyar ba, abin da aka faɗa masa ya yi aiki da shi: ya ba da maganin ƙwannafi na ruwa da ƙwayoyin diclofenac masu kashe raɗaɗi. Wannan ƙwaya, wadda ta zama abokiyar zaman masu aikin ƙarfi a zangunanmu, tana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiyoyi, tana ɗaga hawan jini, kuma ko da a ce gyambon cikin ne na gaske, ita ce maganin da ya fi kamata a guje wa. Hajiya ta koma gida ta kwanta. Maigidanta, tsohon direba, yana can tasha, da aka kira shi ya ce a jira ya dawo da azahar. Babban ɗanta da ke aiki a Tema, wanda shi ne mai ɗaukar nauyin asibiti a gidan, bai ɗauki waya ba saboda yana bakin aiki. Katin inshorar lafiyarta na NHIS ya daɗe da ƙarewa ba a sabunta ba, wannan ma ya sa ta yi ta nanata cewa kada a ɓata kuɗi a kan ciwon ciki.

Bayan ƙarfe goma sha biyu, da aman ya dawo, wata maƙwabciya ta matsa aka kai ta wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa. An auna jininta ya nuna 150 bisa 95, bugawar zuciyarta 52 a minti, sugan jininta kuma 17 a ma'aunin da ake amfani da shi a Gana, wanda ya haura ƙa'ida nesa ba kusa ba. Ma'aikacin da ya duba ta ya tambaye ta ko ƙirjinta yana ciwo, ta ce a'a, kuma ba ƙarya ta yi ba, domin abin da take ji nauyi ne, a ƙasan ƙirji yake kuma. Daga wannan amsa aka rufe babin zuciya. Aka danganta kasalar da hawan suga, aman da gyambon ciki, aka yi mata allura, aka sa mata ƙarin ruwa, da la'asar aka sallame ta. Asibitin ba shi da na'urar ECG, ba a kuma tura ta inda ake da ita ba.

Wannan mataki shi ne ya fi buƙatar a tsaya a kansa. Ciwo ko nauyin ƙirji har yanzu shi ne alamar da ta fi yawa a mata kamar yadda take a maza, kuma kuskure ne a koya wa mata cewa nasu bugun zuciyar ba ya taɓa ƙirji. Sai dai rabon waɗanda ba sa jin sa ya fi yawa a cikin mata. Wani bincike da aka wallafa a mujallar JAMA a 2012, wanda ya duba bayanan marasa lafiya fiye da miliyan ɗaya a asibitocin Amurka, ya samu cewa kashi 42 cikin 100 na mata sun zo ba tare da ciwon ƙirji ba, maza kuwa kimanin kashi 31, sannan kashi 14.6 na matan sun rasu a asibiti, maza kashi 10.3. A 2016 masu bincike na Jami'ar Leeds suka duba bayanan fiye da rabin miliyan na marasa lafiya a Ingila da Wales, suka ga cewa yiwuwar a fara ba mace sunan wata cuta daban ta fi ta namiji da kusan kashi 50 cikin 100. Idan haka take faruwa a inda kowane ɗakin gaggawa yake da kayan gwaji, to ƙaramin asibitin unguwa ya fi buƙatar ya faɗaɗa tambayarsa. Da an tambayi Hajiya ko tana jin nauyi, ko matsewa, ko ƙuna, a kuma ce ta nuna wurin da hannunta, da an ji labarin muƙamuƙi da baya da zufar asuba. Bugawar zuciya 52 a jikin mace mai amai da raɗaɗi, wadda a bisa al'ada ya kamata tata ta yi sauri, ita kaɗai ta isa ta sa a dakata a sake tunani.

Bayan magariba ta shiga banɗaki, jiri ya kwashe ta, ta zube a bakin ƙofa. A daidai lokacin ne 'yar ƙaninta, wadda take aikin nas a wani babban asibiti, ta iso gaishe ta daga Madina. Ta taɓa hannunta ta ji shi sanyi ƙalau kuma a jiƙe, ta ce, "Gwaggo, tun yaushe kike wannan zufar?" Da aka ce mata tun asuba, sai ta juya ga maigidan ta ce, "Baba Alhaji, ku yi haƙuri, ina tsoron zuciya ce. Yanzu za mu fita, maganar kuɗi a yi ta a hanya." Ta tambaya ko Hajiya ta taɓa yin aman jini ko baƙin bayan gida, ko asfirin ya taɓa yi mata illa, da aka ce babu sai ta aika aka sayo asfirin, ta sa ta tauna miligiram 300. Wannan tambaya tana da muhimmanci, musamman a inda ake zargin gyambon ciki, domin mai gyambo da ke zubar da jini asfirin zai iya ƙara masa zubar. Amfaninsa ga mai bugun zuciya kuwa tabbatacce ne tun gwajin ISIS-2 na 1988, wanda ya haɗa marasa lafiya fiye da 17,000, ya nuna cewa asfirin kaɗai ya rage mace-mace da kashi 23 cikin 100, idan aka haɗa shi da allurar narkar da gudan jini ta streptokinase kuma da kashi 42.

Gana tana da hukumar motocin ɗaukar marasa lafiya ta ƙasa tun 2004, a watan Janairun 2020 aka ƙara mata motoci 307, kuma lambar kiran gaggawa ita ce 112. Gidan Hajiya yana cikin lungun da mota ba ta shiga, saboda haka samari suka ɗauko ta a kan kujera zuwa bakin titi, aka tare tasi. Daidai ne da ba a bar ta ta taka da ƙafarta ba, daidai ne kuma da ba a ɗora ta a kan babur ba. Tafiyar ba ta kai minti 30 ba.

A babban asibiti

Cikin minti goma da isarsu aka yi mata ECG, kamar yadda ƙa'idar aikin ta tanada, takardar kuma ta nuna alamar cikakkiyar toshewa a ƙasan zuciya. Jininta ya sauka zuwa 95 bisa 60, bugawar zuciya 45. Gwajin turoponin, wato sinadarin da ke tsiyaya cikin jini idan tsokar zuciya ta lalace, ya fito a sama ƙwarai. An ƙara mata clopidogrel, wanda kamar asfirin yake hana gudan jini haɗuwa, da maganin rage kitsen jini, da allurar hana daskarewar jini, aka kuma fara saita sugan da insulin. Allurar narkar da gudan jini, wadda ta fi aiki cikin awa biyu zuwa uku na farko kuma ba a cika yin ta bayan awa 12 ba, lokacinta ya riga ya wuce, domin a wannan mataki haɗarin zubar jini ya fi amfanin da ake tsammani.

Hanyar da ta rage ita ce a zura siririn bututu ta jijiyar hannu ko ta cinya har zuwa zuciya, a ɗauki hoton jijiyoyin, a buɗe wadda ta toshe, a saka mata 'yar ragar ƙarfe da za ta riƙe ta a buɗe. Cibiyoyi ƙalilan ne suke wannan aiki a ƙasar, mafi daɗewa a cikinsu ita ce Cibiyar Zuciya ta Ƙasa da ke Asibitin Koyarwa na Korle Bu, wadda Farfesa Kwabena Frimpong-Boateng ya kafa a 1989. Tsarin NHIS, wanda aka kafa da dokar 2003, ya sanya hoton jijiyoyin zuciya da hoton eko, wato sikanin da ke nuna motsin zuciya, da tiyatar zuciya a cikin abubuwan da ba ya biya, saboda haka ko da katin Hajiya yana aiki, nauyin zai faɗo kan iyali ne. A 2025 ne gwamnati ta ƙaddamar da asusun da ake kira MahamaCares domin tallafa wa masu irin waɗannan cututtuka, lamarin Hajiya kuwa ya riga shi. Ɗanta ya kwashe ajiyarsa, matan adashinsu suka ba ta kwasar da ba tata ba ce a wannan wata, 'yan uwa da ke ƙasashen waje suka turo abin da ya sawwaƙa, bayan sallar Juma'a kuma aka yi neman taimako a masallacin unguwa. Da yammacin Juma'a aka yi aikin. An tarar da jijiyar dama a toshe gaba ɗaya, aka buɗe ta aka saka ragar, aka kuma ga wata ƙuntata a jijiyar hagu wadda aka yanke shawarar a bi ta da magani.

Ta rayu, amma hoton eko ya nuna cewa ƙasan zuciyarta ba ya motsi yadda ya kamata, kuma zuciyar tana tura kimanin kashi 40 cikin 100 na jinin da ke cikinta a kowace bugawa, alhali lafiyayyiya takan tura kashi 55 zuwa 70. Ma'anar wannan a rayuwarta ita ce ba za ta sake ɗaga tukunya ba, kuma takan yi haki idan ta yi sauri. 'Yarta ce ta gaji sana'ar.

Idan aka rarraba awa 16 ɗin nan, za a ga biyar sun tafi a wurin sana'a, fiye da uku a gida ana jiran maigida da ɗa, kusan uku a ƙaramin asibiti, ragowar kuma a gida bayan an sallame ta da tabbacin cewa ciki ne. Kowane kaso da dalilinsa. Na farko juriya ce irin wadda ake yaba wa mace a kanta tun tana yarinya, haɗe da lissafin cewa abincin da aka dafa idan bai saidu ba jari ne ya karye. Na biyu al'adar jiran izini ce da jiran mai biya, wadda a rana irin wannan take cin tsokar zuciya, kuma abu ne da magidanta za su iya warwarewa tun kafin buƙata ta taso, ta hanyar faɗa wa iyalinsu cewa idan ciwo ya zo da gaggawa a tafi, a sanar da su daga hanya. Na uku da na huɗu kuwa nauyinsu yana kan ma'aikatan lafiya, domin iyalin da suka kai marar lafiya asibiti aka ce musu olsa ce, ba za a zarge su ba don sun koma gida sun kwanta. Da Hajiya ta isa babban asibiti kafin ƙarfe shida na safe, da tana cikin lokacin da allurar narkar da gudan jini take ceto mafi yawan tsoka, da kuɗin da ya fi sauƙi nesa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, fiye da kashi uku cikin huɗu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki, kuma su ne kan gaba wajen kashe mata a duniya. Abin da ya dace mace ta riƙe, musamman wadda ta haura 40 ko take da hawan jini ko suga, shi ne duk wani sabon nauyi, matsewa, ƙuna ko tsami da ya taso tsakanin muƙamuƙi da cibiya, ko a hannu, ko a tsakiyar baya, ya wuce minti 15 ko yana tafiya yana dawowa, musamman idan ya haɗu da zufa mai sanyi, haki, amai, jiri ko mutuwar jiki, to asibitin da ke da ɗakin gaggawa da na'urar ECG za a nufa kai tsaye, a kuma faɗa wa ma'aikaci a fili cewa ana tsoron zuciya ce. Tofi da addu'a ba sa hana tafiya, a cikin mota ma ana yin su. Ya kamata kuma a san cewa ECG ɗaya da ya fito lafiya bai wanke zuciya ba, akan maimaita shi, a haɗa da gwajin turoponin sau biyu da tazarar wasu awoyi.

An sallami Hajiya bayan mako guda da magunguna shida. An ja mata kunne musamman a kan asfirin da clopidogrel, cewa kada ta tsallake ko kwana ɗaya a shekarar farko, domin barin su yana iya sa jini ya daskare a cikin ragar, wanda sau da yawa yakan fi na farkon muni. An hana ta diclofenac da danginsa, da jiƙon kanwa saboda gishirin da ke cikinsa, aka ce ta rage dunƙulen miya da busasshen kifi mai gishiri, ta riƙa tattaki a hankali kullum tana ƙarawa. 'Yar ƙanin ta sabunta mata katin inshora ta waya da lambar *929#, domin maganin hawan jini da na suga suna cikin abin da tsarin yake biya. Azumin farko da ya zo bayan aikin, likita ya ba ta shawarar kada ta yi, ta kai maganar ga malaminsu, shi ma ya ce ta bi likita. 'Ya'yanta mata uku sun je an auna su, aka samu babbar, mai shekara 34, da hawan jinin da ba ta san da shi ba, aka fara ba ta magani.

Wata takwas bayan haka, cikin dare, Hajiya ta sake jin ƙuna a ƙahon zuciya bayan ta ci abinci mai yaji. Maigidan da kansa ya fita ya nemo mota, cikin minti 40 suna ɗakin gaggawa da takardunta a hannu. An yi ECG sau biyu, an auna turoponin sau biyu, babu wani sabon abu. Ƙwannafi ne a wannan karon, wanda magungunan da take sha suke iya tsanantawa, sai aka ƙara mata maganin kare ciki, aka rubuta mata ranar komawa wurin likitan zuciya bayan mako biyu, aka sallame ta da safe.